Abdulkahar da Wasan Kwano na Goma

In tarihin ƙungiyar ƙwallon Kwalejin Injuna kake nema, kada ka ɓata takalminka zuwa ofis. Mutanen ofis ba abin da suka sani sai shan gahawa da neman takardar da suka ajiye jiya. Zaga bayan ɗakin walda, inda injin wanki ke gurnani tun safe, ka ce Baba Abdulkahar kake nema. Zai ajiye safar da ke hannunsa, ya share gumi da tawul ɗin kafaɗarsa, ya zayyano maka komai tiryan-tiryan: sau tara suka kai Wasan Kwano, suka ci uku, aka lallasa su a shida. Zai ba ka shekara, ya ba ka minti, ya faɗa maka wanda ya zura da wanda ya barar, har da wanda ya yi kuka a banɗaki yana tsammanin ba a ji shi ba. Abu guda ne ba ya faɗa sai an matsa masa. Cikin wasannin nan tara, ko ɗaya bai taɓa gani da idonsa ba.

Wasan Kwano shi ne na rufe kakar wasanni. Kwalejojin koyon sana'a na Jidda kan yi ta fafatawa tsakaninsu tsawon watanni, in an gama sai biyun da suka fi maki su kara a wasa ɗaya tak, a wani babban fili da ake arowa. Kofin ma ba kofi ba ne, wani ƙaton kwanon azurfa ne mai kunnuwa biyu. Wanda ya ci, sai a cika masa shi da shinkafa buhari da nama, 'yan wasa su baje a kan ciyawa su ci da hannu. Larabawa suna da nasu sunan mai tsawo, amma Hausawan da ke aiki a kwalejin Wasan Kwano suka ce, shi ne kuma ya bi shi.

Kakan Abdulkahar da ƙafa ya taso daga wani ƙauye kusa da Haɗeja. Shekara shida ya yi a hanya, ya sauke farali, ya ce baɗi zai koma gida, har ƙasar Jidda ta rufe masa ido baɗin ba ta zo ba. Shi Abdulkahar a nan aka haife shi, ko a mafarki bai san Najeriya ba, amma da iƙama, takardar zaman baƙi, yake zaune kamar baƙon da ya sauka jiya. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya wanke motoci a Sharafiyya, kafin kwalejin ta zama kafilinsa, mai tsaya masa a kan iƙama, shekara ashirin da bakwai da suka wuce. A takarda mai shara ne. A aikace kuwa shi ne mai wankin jesi, mai hura ƙwallo, mai ɗinke raga, mai dafa shayi, mai raba faɗa. Kullum bayan asuba zai bar ɗaki biyunsu na Sharafiyya ya hau motar ma'aikata zuwa Madinar Masana'antu, unguwar masana'antun Jidda, inda iska ke warin fenti da baƙin mai, ba zai dawo ba sai gwiwoyinsa sun fara yi masa tsiya.

To, abin ya samo asali ne a 1998, shekarar da suka fara kaiwa. An je filin aro, sai aka tarar makullin ɗakin canza kaya ya lalace. Kocin wancan lokaci, wani Bamisire mai saurin fushi, ya ce dole wani ya tsaya gadin kayan yara. Wa za a ce ya tsaya in ba mai shara ba? Abdulkahar ya samo wani tsohon buhun shinkafa, kowa ya jefa agogonsa da walat da makullin mota, ya ɗaure bakin buhu ya zauna a kai. A ransa ya ce ba komai, baɗi ma rana ce. Suka ci biyu da ɗaya. Yara suka sauko suna tsalle suna sumbatar goshinsa, wani ya ce albarkar zaman Baba a ɗaki ce. Da wasa aka faɗa, da dariya aka amsa, shi ma har da shi a dariyar. Bai san an ɗaure shi tare da bakin buhun ba.

Ɗakin yana ƙarƙashin benen 'yan kallo na gabas, daidai inda magoya bayansu ke zama. Taga ɗaya gare shi, can sama, mai kallon wurin ajiye motoci. A nan Abdulkahar ya koyi kallon ƙwallo da kunne. In nasu suka ci, ƙafafu ne ke fara magana: rufi ya ɗauki rawa, ɓawon fenti ya yi ta zubo masa a hula. In abokan karawa ne suka ci, ihun daga nesa yake shigowa ta taga, sama da kansa kuwa tsit. Bugun kwana yana da nasa gunaguni mai hawa a hankali. Barar da ƙwallo a gaban raga tana da nata dogon nishi da zagi biyu uku a wutsiya. Har usur ɗin alƙalin wasa ya san bambancin na laifi da na fenariti. Matarsa Sadiyya, mai dakan yajin tsire tana sayar wa masu tukuba, ba ta taɓa tambayarsa sakamako ba. Hularsa kawai take karɓa a bakin ƙofa ta duba. In da fenti a kai, to an zura, in babu ta kawo masa abinci ba tare da surutu ba.

Sauran labarin a bakin 'yan wasa yake tattarawa, kuma kowa da irin ƙaryarsa. Gola zai ce rana ce ta shige masa ido. Ɗan gaba zai rantse an riƙe masa riga. Abdulkahar sai ya yi ta tsince maganganunsu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, sannan washegari ya tambayi kayan wanki. Jesi ba ta ƙarya. Wanda ya ce ya yi gudu har ya kusa mutuwa amma rigarsa a bushe, an gane shi. Wanda bai ce uffan ba amma safarsa duk jini, shi ma an gane shi.

Haka ya ji huɗu da nema da aka yi musu a 2001, minti casa'in hularsa fes kamar daga shago. Haka ya ji na shekarar da ta biyo, wanda aka ƙwace musu a mintin ƙarshe. Na 2006 kuwa har yanzu in ya tuna sai ya girgiza kai. An ba su fenariti saura minti uku, ana bin su ɗaya, wani siririn ɗalibi mai suna Othman ya ɗauki ƙwallo. Abdulkahar ya ji filin ya yi shiru, ya ji takun yaro, sai ƙarar ƙarfe, ƙwal. Othman ya sauko yana cewa gola ne ya taɓa da yatsa. Abdulkahar ya miƙa masa shayi ya ce masa a hankali, yatsa ba ya irin wannan ƙara. Othman ɗin nan shi ne kocinsu yau, ya yi tumbi, kansa ya sanƙe, kuma har gobe in an ta da zancen sai ya ce gola ya taɓa.

Sau ɗaya ya taɓa gwada leƙawa, a 2014. Ana canjaras, zuciyarsa ta ƙi zama, ya rungumi buhu ya buɗe ƙofa ya bi lungun da ke fita fili. Taku biyar ya yi. Yana hango haske a bakin lungu, ko ciyawa bai kai ga gani ba, sai ihu ya tashi daga yamma: an zura musu. Wani ɗan benci ya waiwayo ya gan shi da buhu a ƙirji. Shi ke nan fa, magana ta zauna. Aka ce Baba ya fito aka ci su. Kai, ɗan Adam! Sau shida aka doke su, biyar yana zaune daram a kan buhu, amma ba wanda ya tuna da wannan. Samari masu salla, masu karatun injiniya, a tambaye su su ce camfi haramun ne, amma ranar Wasan Kwano sai kyaftin ya raka shi har ɗaki ya ja masa ƙofa da ladabi.

Abin da ya fi ciwo, bayan shekara biyu da wannan aka sa wa ɗakin akwatunan ƙarfe masu lambar sirri. Kowane yaro zai iya kulle wayarsa ya tafi hankali kwance. Rufin ne kawai ba wanda ya kula, yana nan yana zubar da fentinsa. Buhu ya tashi daga aiki, amma mai buhu bai tashi ba. Ya ci gaba da zama a kan benci yana gadin akwatunan da ke gadin kansu, don bai iya ce wa yara a'a ba, don kuma kullum yana ganin akwai baɗi.

Ana cikin haka suga ta kama shi, ta bi ta sauka a ido. Da farko lambobin jesi ne suka fara yi masa dishi-dishi. Maimakon ya faɗa, sai ya samo allura ya yi wa kowace riga ƙulli a cikin wuya, ɗaya, biyu, uku, yana rabawa da laluben yatsa, ba wanda ya taɓa karɓar rigar wani. A ƙaramin filin kwaleji kuma a bakin layi yake tsayawa, duk wanda ya gifta ta gabansa yana ganinsa, sai ya ɗauka ai da sauran ido. Sadiyya ce ba ta ruɗu ba, don ita ke ganin yana zuba shayi a gefen kofi. Ta yi maganar mustashfa, wato asibiti, har bakinta ya gaji. Likita ya taɓa cewa yanar ido ce, aikin rabin awa ne a cire. Amsar Abdulkahar ɗaya ce duk shekara, wai a bari sai bayan kaka. In kaka ta ƙare kuma sai ga wankin raguna, sai ga sababbin ɗalibai, sai ga wata kakar ta kunno kai.

Bana ya cika sittin. Mudir, shugaban kwaleji, ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, har da gahawa da dabino, tun daga nan ya san ba alheri. An ba wani kamfani shara da wanki gaba ɗaya, kwantiraginsa ba za a sabunta ba, ƙarshen wata halas, wato an gama. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Zancen iƙama bai zama tashin hankali ba, don mijin 'yarsa Jawahir yana da garejin gyaran mota a Sharafiyya, ya ce a mayar da ita kansa, Baba ya zo ya zauna a inuwa yana duba masu shiga da fita. Abdulkahar ya yi godiya. Bai yi fushi ba, gajiya ce kawai ta sauko masa, irin wadda barci ba ya magani. Sati biyu bayan haka yaran suka kai Wasan Kwano karo na goma, za su kara da kwalejin koyon aikin jiragen ruwa ta Abhur.

Ita kuma kwaleji ta ce za ta buga ɗan littafin tarihin ƙungiya a raba ranar wasa. Aka ɗora wa wata ma'aikaciya mai suna Mashael, yarinya mai ladabi da sauri. Ta bincike ofis kaf ba ta samu komai ba sai hotuna huɗu marasa kwanan wata, dole ta biyo ƙarar injin wanki. Kwana uku tana zaune a kan kwandon safa da waya a hannu, shi yana zuba. Da littafi ya fito, Jawahir ta zo gida da shi tana murna ta karanta masa da Larabci, ga hotonsa a shafin farko, a ƙasa an rubuta: mutumin da ya ga dukan wasannin tara da idonsa. Tuwon daren nan bai wuce masa ba. Mutumin da bai taɓa ƙara minti ɗaya a labari ba, yau ga shi an buga ƙarya da hotonsa. Washegari ya sami Mashael ya faɗa mata gaskiya. Ta riƙe baki, ta ba shi haƙuri, ta ce ita ba ta taɓa kawo haka a ranta ba, ga shi an riga an buga ɗari biyar.

Daga nan bai koma ɗakin wanki ba, wurin Othman ya nufa. Othman ma jikan Hausawa ne, sai dai shi ɗan ƙasa ne, Hausar tana shiga kunnensa sarai amma da ƙyar take fita. Ya same shi yana jera mazugan atisaye a fili.

"Koci, ranar Alhamis ba zan zauna a ɗaki ba. Ina so in ga ƙwallo."

Othman ya sosa sanƙo, ya dubi ƙasa. "Ya ammi, wallah ni ban yarda da camfi ba. Bas yaran nan, ka san kansu."

"Na san kansu, na san warin safarsu ma. Shekara ashirin da bakwai ina cewa baɗi. Bana ba ni da baɗi."

Othman ya ce halas, zai yi wa yara magana. Ya kuwa yi. Ba wanda ya yi musu, amma kwana biyu ana karɓar jesi a hannun Baba ba a haɗa ido da shi, gaisuwar ma ta koma guntuwa. Abin ya dame shi ƙwarai, sai dai bai janye ba. Ya so ya zauna a benci kusa da layi, ashe benci sai wanda sunansa ke cikin takardar da aka aika tun farkon kaka, shi kuwa ba a taɓa rubuta sunansa ba, don ba a taɓa buƙata ba. Mashael, don ta wanke laifinta, ta samo masa kujera a rumfar manyan baƙi, can sama, tsakanin mudirai da iyayen yara na kwalejojin biyu.

Ranar Alhamis Sadiyya ta goge masa farar jallabiyarsa ta salla, ta fito da sabuwar hula, ta turara su. Tana yi tana tsokanarsa, wai yau dai gani zai kori ji, kada ya dawo ya cika mata kunne. Ya yi dariya, rabon da ya yi irinta an kwana biyu. A filin ya raba jesi da laluben ƙulli, ya cika gorunan ruwa, ya yi wa kowa addu'a. Bayan la'asar da aka fita, karo na farko ya ja ƙofar ɗakin daga waje.

Matakala arba'in da biyu ya hau, yana hutawa duk bayan goma, gwiwa na kuka. Ya sami kujerarsa ya zauna, ya gyara hula, ya ɗaga kai.

Kore. Wani shimfiɗaɗɗen kore mai faɗi, hasken la'asar ya zuba a kansa yana ƙyalli. Ya jira sauran su fito daga cikin hasken, ba su fito ba. Akwai dai wasu abubuwa da ke motsi. Shuɗin yaransa, wanda shi da hannunsa ya wanke har ya koɗe, da farin 'yan Abhur, duk sun zama abu guda. Layi babu, raga babu. Ƙwallo kuwa, wadda shi ya hura ta da safe, ko alamarta. Ya murza ido da gefen hannu, ya ƙanƙance su, ya rufe na hagu ya gwada na dama. Ya ce wataƙila in rana ta ɗan sauka. Rana ta sauka, ba abin da ya sauya.

Sai ya ce to bari ya koma wa kunne, tsohon abokinsa. Ina! A nan sama sauti ba shi da gabas ba shi da yamma. Ganguna ta ko'ina, lasifika na faɗin abin da amsa-kuwwa ke haɗiyewa, na kusa da shi suna hirar farashin filaye, wani na waya da matarsa. Wajen minti talatin wuri ya kece da ihu, rabin rumfar suka miƙe, rabi suka zauna. An ci, wannan ya sani. Wa ya ci? Ya miƙe rabi, ya koma ya zauna, ya rasa murna zai yi ko salati. A ƙarshe ya karkata ga na damansa, wani mutum mai ƙamshin turaren ud, ya tambaye shi a hankali su wa suka zura.

Mutumin ya ce 'yan Abhur ne, da ka, daga bugun kwana. Sannan ya dube shi, ya dubi littafin da ke cinyarsa, ya sake dubansa. "Ya ammi, ba kai ne wannan na hoton ba? Masha Allah, wanda ya ga tara!"

Abdulkahar ya ce shi ne. Kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi, da baƙin ciki, da wani haushin kansa da bai san inda zai ajiye ba. Aikin rabin awa, in ji likita. Shekara nawa yana cewa bayan kaka? Ya zauna yana fuskantar koren nan kamar mai kallo, har aka busa hutun rabin lokaci. Ya bari mutane suka ragu, ya dafa ƙarfe ya sauko matakala arba'in da biyu, ya bi bango. Da ya iso, yara sun riga sun koma fili. Ya tura ƙofa, warin man zafi da gumi ya tarbe shi, ya lalubi bencinsa ya zauna.

Ko minti biyar bai yi ba filin ya dawo masa. Ga gunagunin kwana yana hawa, ga nishi, an barar. Ga usur gajere, laifi ne a tsakiya. Ga muryar Othman ta cikin lungu yana yalla, yalla, har ta dishe. Ya san yaransa sun matsa gaba, don gangar Abhur ta rage kaifi. Minti na sittin da takwas rufi ya ɗauki rawa, fenti ya zubo a kan sabuwar hula. Ɗaya da ɗaya. Bai yi murmushi ba, ya dai gyara zama. Saura minti huɗu aka busa usur mai tsawo, irin wanda ya sani tun 2006, fili ya yi tsit. Ya ji takun yaro. Wannan karon ba ƙarar ƙarfe, sai siminti da ya nemi faɗo masa a ka.

Suka sauko da kwano suna waƙa, suka banko ƙofa, suka tarar da shi a zaune. Wuri ya ƙara rikicewa. Ashe Baba ya dawo ɗaki! Shi ya sa! Suka ɗaga shi sama da jallabiyarsa, suna sumbatar goshinsa, kyaftin na rantsuwa tun da aka dawo hutu ya ji a jikinsa. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya sauko da shi. Yanzu kam camfi ya samu gindin zama har jikoki, sai dai baɗi su nemi wanda za su kulle. Othman ne kaɗai ya lura da yadda ya miƙa hannu yana neman bango da aka sauke shi. Ya matso ya riƙe masa gwiwar hannu, ya kai shi fili, ya zaunar da shi a gaban kwano, ya tura masa nama ɓangarensa. Abdulkahar ya ci loma uku, ya shafa ciyawar da tafin hannu, sannan ya tashi tattara safa, don wankin gobe ba ruwansa da wanda ya ci kofi.

Ana kiran isha ya isa Sharafiyya. Sadiyya ta tare shi a bakin ƙofa ta karɓi hula kamar kullum, ta kai ta ƙarƙashin fitila. Ga fenti nan fari-fari ya cika saƙar. Ta daɗe tana kallo. Wanda ya zauna a rumfar manyan baƙi ba ya dawowa da fenti a ka, wannan ko ba a faɗa mata ba.

"Baban Jawahir, ka gani?"

Ya zauna a bakin gado yana cire takalmi da ƙyar. "Filin kore ne, Sadiyya. Kore shar. Wannan kam na gan shi da idona."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ranar Lahadi da safe za su mustashfa, ita za ta raka shi, kuma ba shawara take nema ba.

"Ki bari dai sai bayan..." Ya tsaya. Ya zauna da takalmi ɗaya a hannu, yana kallon inda yake tsammanin fuskarta take. Can ya ce to, Allah ya kai mu Lahadin.

Ta nufi taga da hular za ta kakkaɓe. Ya ji ƙarar sakata, ya ce ta bar ta haka tukuna.